Kwana Ukun da Ban Rubuta Ba

Bana ruwa ya yi mana rowa a farkon damina, da ya tashi zuwa kuma sai ya zo gaba ɗaya. Yau kwana shida rabon mutanen Dutsin-Ma da ganin rana. Katangar bayan gidana ta jiƙe har ta fara zubar da ƙasa, tabarmi duk sun yi danshi, ashana ta ƙi kamawa. Ba na son irin wannan marka, kuma iyalina sun sani. Suna cewa sanyin ƙashi ne na tsufa, ni kuwa na bar su a haka.

Jiya da hantsi jikata Nafisa ta shigo zaure da littafinta. An ba su aikin gida, su rubuta insha'i a kan yadda ake yin fura, daki-daki. Ta yi layi shida, ta ja layi a ƙasa, ta miƙo mini tana jiran yabo. Na karanta, na ce, "Amarya, ina wurin da aka surfa geron?"

Ta ce, "Haba Tsoho, wa bai san ana surhe ba?"

Na taɓa faɗin maganar nan da bakina, kusan kalma da kalma, a wata marka irin wannan.

'Yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai aka tura ni Kurfi koyarwa a elementare. Ina ɗan ashirin da 'yan kai, sabon fitowa daga makarantar horon malamai, ga keke, ga farar riga, ga jan fensir a aljihu. In ina tafiya ji nake ƙasa ma ta san ɗan boko ne ya taka ta. Malamin da ya koya mana insha'i ya ba mu dokoki uku na rubuta yadda ake yin abu: ka fara jera kayan aiki, ka bi aikin daki-daki daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, kuma kada ka maimaita magana. Ta ukun nan ita na fi riƙewa, don ita ke ba ni damar zaro jan fensir. Ba a yi wata uku ba yara suka sa mini suna Malam Taƙaita, kuma da na ji, wallahi daɗi na ji.

A gidan wata tsohuwa aka sauke ni, Inna Abu. Mijinta fataucin goro ya yi, ta zauna da shi can Kurmi, ƙasar kudu, shekaru masu yawa, da ya rasu ta dawo gida. Mace ce mai magana, in ta ɗauko labari sai ta zagaya da kai duk garin kafin ta kawo ka inda za ta. Ina girmama ta, amma a raina ina yawan ja mata jan layi.

Daminar da ta gabaci zuwana ruwa ya ɗauke tun gero yana bununi. Aka yi girbi, zangarniya ga tsawo babu nauyi. Kafin bazara ta shigo sosai, magidanta sun fara shiga rumbu da tsintsiya. A haka azumi ya same mu, cikin tsakiyar zafi. Tun hantsi leɓe ke tsagewa. Bayan azahar gari ya yi tsit, ko kaza ba ka ji, kowa ya nemi gindin bango ya jiƙa zane ya rufa. Mata na tafiya rafi su tona yashi har kafaɗa kafin ruwa ya tsatso, su zauna suna jiransa da ƙoƙo. Kunun buɗa baki ya koma ruwan tsamiya da ɗan ƙurar gari, kana iya ganin gindin ludayi a cikinsa. Shanun Fulanin Birchi suka rame har nono ya ɓace a kasuwa.

Bayan salla aka samu ruwan farko, kowa ya fita shuka da murna. Tsiro ya fito, sai sama ta kulle mako biyu, ya ƙone muna kallo. Aka sake shuka da irin da mata suka ɓoye wa 'ya'yansu a cikin tulu. Na ga gayyar noma a Wurma wadda ba a kai wa fura ba, sai kwaɗon tafasa a akushi ɗaya, maza suna cin loma bibbiyu suna komawa kan kunya. Mai kiɗan gayya ma bai zo ba. A aji kuwa yara na kifa kai a kan benci, ni da jan fensirina ina yi musu faɗan lalaci.

Abin da ya rage a ƙasa shi ne rogo. Shekara biyu kafin nan fatake sun kawo wani sabon iri daga kudu, mutane suka karɓe shi hannu biyu, don yana yin manyan saiwa, kuma awaki da birai ba sa taɓa shi. Dalilin da ba sa taɓa shi kuwa, ɗaci gare shi, kuma ɗacin dafi ne. Mu rogon da muka sani, ka tono, ka dafa, ka ci, ko ɗanye ma ka gaigaya a gona. Wannan sai an fitar masa da dafinsa tukuna. A Kurfi Inna Abu ce ta san kansa, don ta yi shi a Kurmi. Gidanmu ya koma makaranta, mata na shiga suna fita, tana nuna musu da hannu.

Ina da ƙanwa guda, Rabi, uwa ɗaya uba ɗaya, mu biyu muka rage. Tana aure a Karofi, gidan wani manomi mai suna Idi, mutumin kirki, ya ɗan shiga ajin manya har yana iya karatun boko a hankali, da yatsa a kan layi. Suna da ɗa guda mai shekara uku, Sa'idu. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifinmu aka sa masa, saboda haka kunya biyu ta hau kan Rabi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan", ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Amma ni na san ta. Na sha kama ta tana kallonsa ta wutsiyar ido in yana bin kekena da gudu yana cewa in aza shi.

Wata rana wani mai jaki ya kawo mini saƙonta. Hatsinsu ya ƙare, suna da garkar sabon rogo amma suna tsoronsa, don babu wanda ya taɓa sarrafa shi a unguwarsu. In tambayar mata Inna yadda ake yi. Da na hau keke na je da kaina, ko na sa an kai Inna, da ba a yi wannan labari ba. Amma a makon nan sufeto zai zo duba makaranta, kuma yana son ganin insha'in misali a allo. Sai na ga dama ta samu. Zan rubuta yadda ake sarrafa rogo, in nuna wa sufeto, in kuma aika wa Rabi.

Da la'asar na ɗauki littafi na zauna kusa da Inna a gindin turmi. Na ce ta faɗa mini daki-daki.

Ta ce, "To Malam, rubuta. Ka here shi, ka cire ɓawon nan duka har na ciki. Ka wanke. Ka yanka ƙanana. Ka zuba a randa, ka cika da ruwa, ka ruhe. Ya kwana. Da sahe ka zubda ruwan can nesa, kada ko akuya ta sha. Ka zuba sabo. Ya kwana. Da sahe ka zubda ruwan can nesa, kada ko akuya ta sha. Ka zuba sabo. Ya kwana. Da sahe..."

Na ce, "Inna, na ji wannan."

"Ba ka ji ba, rubuta. Kwana ukku cur. Ran na ukkun ka ɗauko guda ka matsa, in ya hwashe a hannunka ka taɓa a bakin halshe. In ka ji ɗaci ko kaɗan, maida shi ruwa. Yunwa ba ta kashe mutum a kwana guda, abin ga yana kashewa. Sannan ka matse, ka shanya har ya bushe ƙayau, ka karya ka ji ƙas. In babu rana ka aza bisa wuta. Sannan daka, sannan tankaɗe, sannan tuwo."

Na rubuta duka, shafi biyu da rabi. Na shiga ɗaki na duba shi da idon malami, sai na ga maimaici ko'ina, ga zancen akuya, ga zancen yunwa. Allon ajinmu kuma ƙarami ne. Na zaro jan fensir na hau aiki, ina jin daɗin kaina. Abin da ya rage, har yau ina iya kawo shi ba tare da na duba ba:

"Kayan aiki: rogo, wuƙa, randa, ruwa, turmi, rariya. Na ɗaya, a fere rogon. Na biyu, a wanke a yanka ƙanana. Na uku, a jiƙa shi a ruwa sosai, a zubar da ruwan. Na huɗu, a matse a shanya. Na biyar, a daka a tankaɗe. Na shida, a tuƙa tuwo."

Sufeto ya tsaya gaban allo ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce haka ake so, babu ɓata kalma. Yara suka kwafa a littattafansu. Na sake rubuta shi a farar takarda da mafi kyawun rubutuna, na ninke, na ba mai jaki. Har na ƙara a ƙasa cewa a gai da abokina mai son keke.

Kashegari marka ta sauka. Ruwa ba mai ƙarfi ba, yayyafi ne mai naci, safe da yamma, sama ta yi toka-toka. Ɗakuna suka fara yoyo, itace ya ƙi kamawa, gari ya cika da hayaƙi da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Gero a gona ya yi kore shar, kana kallon abinci da idonka amma saura wata guda ya nuna. Duk wanda ya yi yunwa ya san wannan lokacin ya fi bazara zafi.

Ranar Alhamis ina cikin aji aka ce ana sallama da ni. Wani ƙanen Idi ne, jiƙe sharkaf, laka har gwiwa. Ya ce mutanen gidan duk sun kwanta da amai da jiri, manya sun tashi, yaron bai tashi ba.

Keken ma ɗaukarsa na yi a kafaɗa a wurare da yawa. Na isa Karofi bayan la'asar, an riga an kai yaron makwancinsa. Na shiga wurin Rabi, tana zaune a bakin gado, idonta a bushe, don ɗan fari ne, ba za ta yi kuka a gaban surukai ba. Sai da mata suka ɗan rage ta matso, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, na bi takardarka. Sau ukku na sa maigidan ya karanta mani. Na here, na wanke, na jiƙa tun sahe har azahar, ruwan ya yi hwari na zubda. Babu rana, na baza a ɗaki ya sha iska. Na ji ɗaci-ɗaci, na ce ko haka yake, na ƙara daddawa a miya. Yaron nan kwana biyu ba abin da ya ci sai ruwan ganyen tahwasa, shi na hwara ba, har da rabona. Yaya, a ina na kuskure?"

Na buɗe baki. Na san amsar tun tana cewa "har azahar". Abin da ya fito shi ne, "Kwana ne ya ƙare, Rabi. Ki yi haƙuri."

Da na koma Kurfi, Inna Abu ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce in karanta mata abin da na aika. Na karanta. Tana lissafawa da yatsu, da na kai na huɗu ta ɗaga hannu.

"Ina kwana ukkun?"

Na ce, "Na ce a jiƙa sosai, Inna. Wa bai san jiƙo yana daɗewa ba?"

Ta dube ni. Ta ce, "Wanda ya aiko tambaya, Malam."

Ta yafa mayafi ta fita cikin yayyafi, gida-gida, duk inda akwai ɗan makaranta. Ni kuma da safe na karɓi littattafan yara na yage shafin da hannuna. Allah ya rufa asiri babu wanda ya bi shi a Kurfi, don matan garin daga bakin Inna suka koya, ba su jira boko ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya yarda da rubutuna ɗari bisa ɗari.

Gero ya nuna, aka ci tumu, yunwa ta wuce kamar ba a yi ba. Na jefar da jan fensir. Daga shekarar nan duk yaron da zai rubuta mini yadda ake yin abu, sai ya faɗi kwana nawa, sau nawa, da yadda za a gane an gama, da abin da zai faru in an yi gaggawa. Nakan ce musu su rubuta wa mutumin da yake nesa, yana jin yunwa, kuma ba shi da wanda zai tambaya. Wani sufeto ya taɓa rubuta cewa yarana sun cika dogon bayani. Ban yi masa musu ba.

Amma Rabi ban gaya mata ba. Na yi niyya sau ba adadi. Nakan je da salla da turmin atamfa, in zauna, mu yi hirar gona, in tashi. Ta haifi 'ya'ya mata uku bayan haka, kuma rogo ko mai daɗin bai sake shiga gidanta ba. Na gaya wa kaina tono maganar zai fama mata ciwo ne kawai. Ƙarya nake yi, tsoro nake ji kada ta daina kirana Yaya da irin muryar da take kirana.

Shekara goma bayan haka, an riga an sami mulkin kai, an maido ni Dutsin-Ma, Idi ya rasu. Na je duba ta tana cikin takaba, da hantsi, ana sussukar gero a waje. Ta jawo akwatin marigayin ta ce tana rarraba kayansa. Ta ɗauko wata takarda da ta yi ja don tsufa, ninkinta ya kusa rabuwa, ta miƙo mini.

"Yaya, karanta mani wagga."

Rubutuna ne, mai kyau, kowane harafi a zaune. Na fara karantawa. Na ɗaya. Na biyu. Da na zo na uku, Allah ya gani, ban shirya ba, sai na ji bakina yana cewa, "A jiƙa shi a ruwa kwana uku, ana sake ruwa kowace safiya, a ɗanɗana, in da ɗaci a mayar." Na karanta shi da murya ɗaya da sauran, kamar yana nan a rubuce. Rabi ba ta iya karatu ba. Wanda ya karanta mata kuma yana kabari kwana ashirin. Wato na ɗauki kayana na aza wa mamaci, a ɗakinsa, a gaban matarsa.

Na kai na shida na tsaya. Ana ta bugun sussuka a waje.

Ta ce, "Wannan babu shi a da, Yaya."

Ban ɗago ba.

"Na hardace ta kamar Fatiha. Na ukku, a jiƙa shi a ruwa sosai, a zubda ruwan. Shi ke nan. Tun kakar shekaran nan wata Banufiya ta hwaɗa mani yadda ake yi, na gane. Malam Idi ma ya gane, ya ce kada in tada maka hankali, kai ma ba ka so ba." Ta karɓi takardar ta ninke ta a kan tsohon ninkinta. "Da akwai shi a ciki, da Sa'idu na nan."

Ranar ce kaɗai a rayuwata na ji sunan nan a bakinta. A nan na yi kukan da ya kamata in yi shekara goma da suka wuce, na ce ta yafe mini abu biyu, takardar da kuma ƙaryar da na yi yanzu. Ta ce ta yafe na farko tun tuni. Na biyun ba ta ce komai a kansa ba, ta kira babbar 'yarta ta kawo mini fura. Ta ci gaba da kirana Yaya har ta koma ga Allah, kuma har yau ban san ko muryar ta canza ba, ko kunnena ne.

Nafisa ta gaji da jira, ta ja littafinta. Na riƙe. Na sa ta zauna, muka fara daga awon gero: surfe, bakace, wanki, a bar shi ya tsane, daka da kayan yaji, tankaɗe, cura, tafasa ruwa kafin a saka, yadda za a gane ta dahu, kirɓi, sake curawa, a barbaɗa gari. Ta cika shafi biyu tana gunaguni.

"Tsoho, malam zai ce na cika surutu. Zai ja mani jan layi."

Na ce, "Bar shi ya ja, Amarya. Koma wurin dahuwar nan, ba ki hwaɗi ko minti nawa ba."